Ga matashin da aka yi wa tayin zama sojan baka

Wasiƙar wannan makon daga wani matashi take, ya roƙi a sakaya sunansa. Na taƙaita ta, amma ban taɓa ma'anarta ba.

"Assalamu alaikum Baba. Shekarata 27, aikin akanta na karanta a jami'a. Shekara 3 ke nan ina aiki a wani ƙaramin kamfani, ni ke riƙe da littattafan kuɗinsu, amma albashina na nan inda yake tun ranar da na fara. Bara aka kawo ɗan'uwan mai kamfanin aka ɗora shi a kaina, kuma ni nake koya masa aikin. Na aika takardun neman aiki wurare da yawa, sau biyu kawai aka kira ni intabiyu. Na yi wa kaina alkawari kafin in cika 30 zan samu takardar ƙwarewa ta akanta, in yi digiri na biyu, in buɗe ofishina, in yi aure, in mallaki muhalli. Ko ɗaya ban fara ba. A zaɓen da ya wuce na yi wa wani ɗan takara wahala tsakani da Allah, ba wanda ya ba ni ko sisi, har na ɓata da yayana a kansa, yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ya ci zaɓe, ban ga abin da ya sauya ba. Yanzu wani abokina ya kawo min tayin shiga cikin masu yi wa wani ɗan takara rubutu a Facebook da X, mu yabe shi mu caccaki abokin hamayyarsa. Za a riƙa biyana duk wata fiye da albashina, kuma an ce in an ci za a ba ni muƙami. Ban yarda da mutumin ba, amma tunda duk kanwar ja ce, me zai hana in ci rabona? In ban karɓa ba kuwa, na yanke shawarar ko rumfar zaɓe ba zan sake zuwa ba."

Wa alaikumus salam ɗana.

Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma kowane karo a wuri ɗaya nake tsayawa: inda ka ce kai kake koya wa wanda aka ɗora a kanka aiki. Wannan ciwo ne da ba ya fitar da jini, amma yana hana barci. Ka zauna kusa da mutum kana nuna masa inda ake shigar da kuɗin da ya shigo da wanda ya fita, ka gyara masa kuskure a ɓoye don kada a ga gazawarsa, sannan a ƙarshen wata shi ne zai sa hannu a kan aikinka. Ba zan ce maka ba komai ba ne. An zalunce ka, kuma fushinka yana da tushe.

Ka kuma sani ba gazawarka ce ta sa ake ƙin kiran ka intabiyu ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce a 2023 matasa kusan miliyan 65 ne a faɗin duniya suke neman aiki ba su samu ba, kuma matashi ɗaya cikin biyar ba ya aiki, ba ya makaranta, ba ya koyon sana'a. Na kawo wannan ne don ka daina tuhumar kanka da laifin da ba naka ba, domin wanda ya gama yarda cewa shi ne matsalar, shi ne ya fi saurin sayar da kansa da araha.

To amma akwai wani zare da ya ratsa wasiƙarka tun daga farko har ƙarshe, wanda nake jin ba ka lura da shi ba. A ko'ina jira kake wani ya buɗe maka ƙofa. Ka jira mai kamfani shekara 3 ya ga ƙoƙarinka. Ka jira ɗan takarar farko ya ci zaɓe rayuwarka ta gyaru. Yanzu kana shirin jiran na biyu ya ci ya ba ka muƙami. A cikin burikanka biyar akwai guda ɗaya da mabuɗinsa ke cikin aljihunka, wato jarrabawar ƙwarewa, kuma shi ne ka ce ba ka ko fara ba. A kan wannan zan gina duk abin da zan gaya maka.

Mu fara da tayin, tunda shi ne mai ƙurarren lokaci. Shawarata kada ka karɓa a yadda aka kawo shi.

Ina da kusan shekarunka lokacin da na yi wa wani ɗan takara wahala na tsawon wata bakwai. Bayan an rantsar da shi na shafe makonni ina zuwa ofishinsa da takarduna a cikin ambulan ruwan ƙasa. Akwai wani dogon benci a barandar, mukan cika shi tun kafin ƙarfe takwas, kowa da irin ambulan ɗina a kan cinya. Duk mun san juna, tare muka sha rana a yawon kamfen. Amma a kan bencin nan ba mai son haɗa ido da ɗan'uwansa, domin kowa ya san kujera ɗaya muke nema. Wata rana na duba ambulan ɗin na ga gefensa ya yi baƙi da gumin hannuna, takardun ciki duk sun lanƙwashe. Mai gadin ƙofar, wani dattijo, ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Yaro, in kana da abin yi, je ka yi." Daga ranar ban sake komawa ba. Da na girma na gane cewa mutumin bai ma buƙaci ya zama mugu kafin ya manta da mu ba. Lissafin ne ba ya fita.

Kai akanta ne, ka yi lissafin da kanka. Mutum nawa ne aka yi wa irin alkawarin da aka yi maka? Muƙami nawa ne a hannun wanda ya ci? A cikinsu nawa za su tafi wajen waɗanda suka zuba kuɗi, nawa wajen iyayen jam'iyya, nawa wajen dangi da surukai, nawa wajen waɗanda suka sauya sheƙa a makon ƙarshe aka yi musu alkawari mai tsoka? Abin da ya rage shi za ku raba, kai da ɗaruruwan masu riƙe da waya. Wannan kuma idan an ci ke nan. Idan kamfanin da kake aiki ya kawo maka bashi irin wannan, wanda babu takarda, babu shaida, babu ranar biya, kuma biyansa ya dogara da abin da ba a san zai faru ba, a wane shafi za ka rubuta shi? Ka san amsar.

Kuɗin wata-wata kuwa gaskiya ne za su shigo, ban musa ba, kuma na san mai buƙata ba ya jin daɗin a ce masa ya kau da kai daga kuɗi. Sai dai ka duba abin da ake saye. Ba ƙwarewarka ake so ba, domin ba wanda ya tambaye ka ko ka iya haɗa lissafin shekara. Sunanka ake so, da fuskarka, da yardar da mutanen da suka san ka suke yi maka. Kuma aikin sojan baka ba ya tsayawa a yabo. Yau za a turo maka hoton ubangida yana raba tallafi ka yaɗa, gobe za a turo maka labari a kan abokin hamayya wanda kai ma ka san ƙarya ne, jibi a ce ka taɓa iyalinsa ko addininsa ko ƙabilarsa. Duk wanda ya karɓi kuɗin watan farko yakan ji nauyin cewa a'a a wata na uku. Ranar da aka kammala zaɓe kuɗin za su tsaya, rubutun kuma yana nan. Ko ka goge, wani ya riga ya ɗauki hotonsa ya ajiye. Manyan da kuka yi faɗa dominsu za ka gan su sun shirya suna dariya a hoto ɗaya, wataƙila ma a jam'iyya ɗaya, kai kuma an bar ka da gabar mutanen da ka zaga.

Ga mai wata sana'ar wannan asara ce da za a iya jurewa. Ga akanta kuwa karyewar jari ce. Burinka ka buɗe ofis inda ɗan kasuwa zai kawo maka sirrin dukiyarsa, ya nuna maka ribarsa da bashinsa, abin da wataƙila matarsa ma ba ta sani ba. Me zai sa ya yarda da kai? Amana. Kuma kafin ya zo zai buga sunanka a waya ya ga wane ne kai. Idan abin da ya fito shi ne mutumin da aka taɓa biya ya faɗi abin da bai yarda da shi ba, to ya riga ya samu amsar tambayar da ta fi damunsa game da duk wani akanta.

Ban ce aikin kamfen haramun ba ne. Kwamitin yaƙin neman zaɓe yana kashe kuɗi, yana hayar motoci, yana buga takardu, yana biyan ma'aikata, kuma a ƙasashe da yawa doka ta wajabta wa jam'iyyu su miƙa bayanin kuɗin da suka kashe. Idan kana son gwada gaskiyar tayin, ka ce wa abokinka: rubutun yabo da zagi ba zan yi ba, amma idan suna neman mai riƙe musu lissafi, a rubuce, da albashin da aka yanke, ga ni. In sun amince, ka yi aikin sana'arka, ka ƙara shi cikin takardunka ba tare da kunya ba, muddin ba a ce ka rubuta abin da ba haka yake ba. In sun yi dariya sun ce ba irin wannan suke nema ba, ka ga abin da suka ɗauke ka.

Yanzu mu dawo kan guntun gatarinka, wanda ya fi sari ka ba ni.

Burika biyar a cikin shekara 3 sun yi yawa, kuma ina zargin yawansu ne ya sa ba ka fara ko ɗaya ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Shekara 30 ɗin nan ma wa ya yanka maka ita? Ba doka ba ce, ba wahayi ba ne. Na fi zaton daga hotunan abokan karatunka ta fito, waɗanda kake gani a waya suna tsaye gaban mota ko a filin jirgi, ba ka ganin bashin da ke bayan hoton. Ka duba burikan da kyau za ka ga ba a jere suke kafaɗa da kafaɗa ba, ɗaya ne ke jan sauran. Takardar ƙwarewa ita ke ɗaga albashi, ita ke ba ka damar buɗe ofis da sunanka, kuma albashi da ofis su ke kawo muhalli, su sauƙaƙa aure. Digiri na biyu zai iya jira, ba ya tsufa.

Ka binciki ƙungiyar akantoci ta ƙasarka da sharuɗanta a wannan makon. Don ka ga yadda abin yake, ɗauki misalin ACCA, wata ƙungiyar ƙwararrun akantoci wadda cibiyarta ke Birtaniya kuma ake rubuta jarrabawarta a ƙasashe da dama. Darussanta 13 ne, ana zama sau huɗu a shekara, a Maris da Yuni da Satumba da Disamba, kuma akan yafe wa mai digirin akanta wasu daga cikin darussan farko. Tana kuma neman ƙwarewar aiki ta wata 36, kuma aikin da mutum ya yi kafin ya fara jarrabawa yana iya shiga lissafi idan akwai ƙwararren akanta da zai tabbatar da shi. Ka ji wannan da kyau: shekara 3 ɗin da kake kallo a matsayin asara, wata 36 ke nan cif. Wataƙila abin da kake ganin ka zubar a ƙasa yana nan a ajiye, jira yake ka zo ka ɗauka.

Kuma kada ka sake cewa "zan yi jarrabawa". Shekara 3 kana faɗin haka. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Jamus, Peter Gollwitzer, ya daɗe yana nazarin abin da ke raba mai niyya da mai aikatawa, kuma abin da ya gano shi ne wanda ya yanke lokaci da wuri da yadda zai yi abu ya fi cika shi nesa ba kusa ba, a kan wanda ya tsaya a niyya kawai. An ma gwada wannan a kan masu zaɓe a Amurka a 2008: waɗanda aka buga wa waya aka tambaye su ƙarfe nawa za su je, daga ina za su taso, me za su yi kafin nan, sun fi fitowa da kusan maki 4 cikin 100. Tambayoyi uku kacal. To ka yi wa kanka irinsu. Wane darasi ne na farko? Wane wata za ka zauna? Ƙarfe nawa za ka riƙa karatu, a wane ɗaki, wayarka tana ina a lokacin? Nawa za ka cire daga albashi ranar da ya shigo, kafin ka taɓa komai, don kuɗin rajista? Ka rubuta amsoshin a takarda ka manna inda idonka zai riƙa faɗawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da mai kamfaninku, ina da tambaya: ka taɓa zama da shi ka nemi ƙarin albashi baki da baki, ko dai jira kake ya gani da kansa? Yawancin masu haƙuri irinka ba su taɓa tambaya ba. Ka nemi ya ba ka minti goma sha biyar. Ka je da takarda ɗaya mai ɗauke da abin da ka yi: bashin da ka bi aka biya, kuskuren da ka kama kafin ya zama asara, rahoton da a da yake ɗaukar mako yanzu yake fita a kwana biyu. Kada ka ambaci ɗan'uwansa ko da wasa, domin da zarar ka taɓo jini ya daina jin lissafi. Ka faɗi adadin da kake so, ka tambaye shi me ya rage ka yi kafin ka kai, kuma yaushe za ku sake zama. In ya ba ka amsa mai rana, madalla. In ya ce "za mu duba" ya sake cewa "za mu duba", ka gane cewa rufin ɗakin nan ya yi maka ƙasa. Amma kada ka ajiye aiki cikin fushi. Mai aiki a hannu ya fi samun wani, kuma albashin nan, duk ƙanƙantarsa, shi zai biya maka jarrabawa.

Hanyar da kake neman aiki ma tana buƙatar gyara. Tura takardu inda ba wanda ya san ka kamar jefa guga ne a rijiyar da ba ka leƙa ba. A 1973 wani masanin zamantakewa, Mark Granovetter, ya wallafa binciken da ya yi a kan ma'aikata a kusa da birnin Boston. Cikin waɗanda suka samu aiki ta hanyar wani mutum, ƙasa da ɗaya cikin biyar ne suka ce mutumin na kusa ne da suke yawan haɗuwa. Mafi yawa ta hannun wanda suke gani jefi-jefi ne. Dalilin a fili yake: aminanka abin da ka sani shi suka sani, wanda ke nesa kaɗan shi ke jin labarin da bai iso kunnenka ba. A 2022 an sake tabbatar da wannan da bayanan mutum miliyan 20 masu amfani da LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki. Don haka ka zauna ka rubuta sunan mutum ashirin: malamin da ya duba maka aikin kammala karatu, wanda ya riga ka fita da shekara biyu, mai binciken kuɗi (odita) da ke zuwa duba littattafanku, akantan kamfanin da kuke sayen kaya a wajensa. Ka tuntuɓi biyu a kowane mako. Kada ka ce "a taimaka min da aiki", wannan yana sa mutum ya ji nauyi ya ɓuya. Ka ce ga abin da na iya, ga jarrabawar da na sa a gaba, wace shawara za ka ba ni, kuma in ka ji ana nema ka tuna da ni. Wannan ba neman alfarma ba ne irin wanda ya cuce ka a ofis. Can an ɗora wanda bai iya ba saboda jini, nan kuwa wanda ya iya ne yake sanar da mutane cewa yana nan.

Saura maganar ƙuri'a, kuma a nan ina roƙonka ka saurare ni da zuciya ɗaya, domin abin yana damuna.

Ka ce duk kanwar ja ce. Na fahimci inda maganar ta fito, amma ka lura da wanda take yi wa amfani. Ɗan siyasar da ya gaza ba abin da yake so kamar ka yarda cewa kowa haka yake, domin daga nan ko dai ka zauna a gida, ko ka sayar. Duka biyun riba ce a gare shi. Kuma 'yan siyasa sun iya ƙirga. Sun san rukunin da ke fitowa da wanda ba ya fitowa, kuma a mafi yawan ƙasashe matasa ne suka fi ƙaurace wa rumfar zaɓe. Wanda ba ya zuwa ranar ƙirga, ba a tuna shi ranar rabo.

Kuskuren da ka yi a wancan karon, wanda ni ma na yi, shi ne ka ɗauki ɗan takara a matsayin mai ceto. Ɗan takara ma'aikaci ne da aka ɗauka na wa'adi. Masanin falsafa Karl Popper yana ganin babban amfanin dimokuraɗiyya shi ne ta ba jama'a hanyar sauke shugaba ba tare da zubar da jini ba. In haka ne, wanda ka zaɓa ya ba ka kunya shi ne ma babban dalilin komawarka rumfa. 'Yan Ghana sun sauke John Mahama a 2016, sun sake dawo da shi a 2024 da suka ga wanda ya gaje shi bai gamsar da su ba. A Gambiya, a Disambar 2016, masu zaɓe sun kayar da Yahya Jammeh bayan shekara 22 yana mulki, a lokacin da mutane da yawa suke ganin ba zai yiwu ba. A Senegal, Bassirou Diomaye Faye ya fito daga kurkuku kwana goma kafin zaɓen 24 ga Maris 2024, ya ci a zagayen farko. Abin da na fi so ka lura da shi a labarinsa shi ne jami'in haraji ne mai sana'arsa, kuma an kafa jam'iyyarsu tun 2014, shekara goma kafin nasarar. Ko mulkinsa zai yi kyau ko ba zai yi ba, 'yan Senegal ne za su yanke hukunci, kuma da ƙuri'a za su yanke.

Ba zan yaudare ka in ce ƙuri'arka ɗaya ce za ta juya ƙasa ba. Da wuya hakan ke faruwa, ko da yake yana faruwa. Ƙuri'a 537 a jihar Florida su suka ba George Bush shugabancin Amurka a 2000. A jihar Virginia a 2017 'yan takara biyu na majalisar jiha suka yi kunnen doki, kowa da ƙuri'a 11,608, sai da aka sa sunayensu a kwano aka zaro ɗaya, kuma wannan kujerar ce ta tabbatar da jam'iyyar da ta riƙe rinjaye a majalisar. Akwai wanda ya kwana a gida ranar nan yana cewa tawa ba za ta sauya komai ba. Irin wannan kusancin ya fi yawa a ƙananan kujeru, na kansila da ɗan majalisa, waɗanda muke rainawa alhali su suka fi kusa da rayuwarmu.

In kuma maguɗi ne ya kashe maka gwiwa, ga labarin da nake so ka riƙe, domin na mutanen sana'arka ne. A zaɓen shugaban ƙasa na Malawi a 2019 an ga takardun sakamako da aka shafe alƙalumansu da farin ruwan goge rubutu aka sake rubuta wasu. 'Yan hamayya suka kai ƙara da takardun a hannu. A Fabrairun 2020 kotu ta soke zaɓen, aka sake a watan Yuni, Lazarus Chakwera ya kayar da shugaba mai ci. Ihun intanet bai isa ya yi wannan aiki ba. Takarda ce ta yi shi, da mutanen da suka zauna suka gwada wannan adadi da wancan suka nuna inda ba su haɗu ba. Wannan kuwa shi ne abin da kake yi daga safe zuwa yamma a kan ƙaramin albashi. Idan siyasa na cikin jininka, kuma daga wasiƙarka na ga tana ciki, ga wurinka. Ka shiga ƙungiyar masu sa ido a zaɓe, ko ka zama wakilin ɗan takarar da ka yarda da shi a rumfarku, ka tsaya har a ƙirga, ka karɓi kwafin sakamako. Tsakanin zaɓe da zaɓe kuma ka ɗauko kasafin kuɗin ƙaramar hukumarku ko na jiharku ka karanta, ka rubuta wa mutane cikin harshen da za su gane: an ware kaza don asibitin nan, ga abin da aka saki, ga abin da ido ya gani. Mutum ɗari za su iya zagi, da wuya a samu biyu da za su iya wannan. Kuma rubutu ne da in mai neman akanta ya buga sunanka ya gani, zai ƙara masa sha'awar kiran ka.

Sai dai ka yanka wa abin lokaci. Yamma ɗaya a mako ta isa, ban da makon zaɓe. Sauran dararen na jarrabawa ne. Ka cire muhawarar siyasa daga wayarka a lokutan karatu, domin na san yadda "bari in mayar masa da amsa ɗaya" ke cinye awa biyu.

Na bar maganar yayanka a ƙarshe don ita ce ba na so ka ɗaga zuwa wani watan. Mutumin da kuka ɓata a kansa bai san sunanka ba, bai san na yayanka ba. Ba sai ka ce masa shi ne mai gaskiya ba, wataƙila nasa ɗan takarar ma da ya ci haka zai yi. Ka je wurinsa da ƙafarka, kada ka tura saƙo. Ka gaishe shi, ka zauna, ka ce, "Yaya, na yi kuskure da na bar siyasa ta shiga tsakaninmu, ka yafe min." Sannan ka gaya masa ka sa jarrabawa a gaba, ka faɗa masa watan, ka roƙe shi ya riƙa tambayar ka inda ka kai. Ka sa shi cikin mutum ashirin ɗin nan ma, domin ya riga ka shiga duniya, ya san mutanen da ba ka sani ba.

Ka sake rubuto min idan ka yi rajista, ka gaya min darasin da ka fara da shi da abin da mai kamfani ya ce. Allah ya yi maka jagora, ya sa albarka a cikin neman ka.